GARGAƊI: ɗan damfarar tikiti ya cinye min riyal 1,500, ya tsinka ni a gaban 'yata a Riyad

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana huɗu ina rubuta wannan ina gogewa, kunya ta hana ni sakewa. Jiya bayan isha'i aka ce min mutumin nan har yanzu yana tallar tikiti a wani zauren WhatsApp da wata sabuwar lamba. To kunya ta ƙare. Riyal 1,500 ya cinye min. Dubu ɗaya da ɗari biyar, kuɗin da na tara ina tuƙi cikin zafin Jidda, ban sa kuɗin mai da masauki a ciki ba.

Kafin wani ya ce wauta ce, ya tsaya ya ji. Shekarata 19 a ƙasar nan ta Saudiyya. Na ga masu sayar da bizar bogi, na ga masu cewa a kawo kuɗi su gyara iqama, wato takardar izinin zama, ta bayan fage, na ga masu bugo waya su ce daga banki suke a karanto musu lambar sirri. Ko sau ɗaya ban taɓa faɗawa ba. Ni ne ma nake zaunar da samarin unguwarmu a Jidda ina ja musu kunne. Ni ɗin nan. Shi ya sa abin yake ci na.

Yarinyar shekararta 16, sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Mamana. Tun 2019 da BTS suka zo filin wasa na Sarki Fahad a Riyad take son mawaƙan Koriyar nan, lokacin tana ƙarama, a wayar mamanta ta kalla. Ni dai ba na jin ko kalma ɗaya a waƙoƙinsu, yaran ma duk kama suke min. Amma na yi mata alkawari in ta ci jarrabawa da kyau zan kai ta irin wasan da ake tara ƙungiyoyi da yawa a dare ɗaya, kowa ya hau ya yi nasa ya sauka. Ta kuwa ci. Masu shirin yi min wa'azi su ajiye shi zuwa wani lokaci, na gwammace in kai 'yata da ƙafata in tsaya a gefenta da ta girma tana ɓoye min abin da take so.

Laifina ɗaya da na yarda da shi, na jira albashi. Kafin ya shigo, tikitin da muke iya saya ya ƙare a manhaja. Ana cikin haka wannan la'anannen ya saka talla a zaurenmu na 'yan gida, wai ya saya wa ƙannensa biyu, tafiya Najeriya ta taso musu, zai sayar a yadda ya saya, riyal 500 kowanne, ba ya neman riba.

Saƙon murya ya turo min, ba rubutu ba. Har yanzu yana cikin wayata, na saurare shi ya fi sau talatin. Hausa tas, ba gargada. "Baba, ina wuni, ya iyali? Ai ku iyayenmu ne, wallahi ko kuɗin bai cika ba sai mu yi magana." Ya tambaye ni garinmu, na ce Bichi. Ya ce Allahu akbar, ai kakarsa 'yar Bichi ce. Nan jikina ya yi sanyi. Yanzu nake tunani, da na ce masa Daura, kakar nan 'yar Daura za ta zama. Amma a lokacin? Yaro ya gaishe ka da ladabi, ya kira ka Baba, a ƙasar da kullum "ya sawwaƙ", wato "kai direba", ake ce maka, wa zai kawo sata a ransa?

Ga wurin da yake hana ni barci. Da ya turo lambar asusu na shigar, sunan da ya fito ba nasa ba ne, ba ma sunan Bahaushe ba ne. Na gani da idona. Yatsana yana kan wayar, na tsaya. Na kira shi na ce yaro, wannan sunan fa? Bai yi ko inda-inda ba, ya ce Baba iqamata ce ta ƙare, kafili bai sabunta ba tukuna, banki ya rufe min asusu, na abokin aikina ne. To ku gaya min, waye a cikinmu wannan bai taɓa samunsa ba? Ni kaina an taɓa rufe min nawa mako uku saboda haka. Ƙarya ce da aka ɗinka daidai wuyanmu. Mamana tana tsaye a bayana ta ce, "Abba, tikitin gaske fa a cikin manhaja yake zuwa, ba hoto ake turowa ba." Na ce mata ke yi shiru, me kika sani a harkar kuɗi. Na danna. Riyal 1,000 suka tafi. Na ga sunan, yarinya ta yi magana, na danna.

Sai 300, wai kuɗin mayar da tikitin zuwa sunanmu. Wannan ranar Laraba ne. A'a, Talata ne, don ranar Laraba muna shirin kaya, kuma a ranar ne ya turo hoton tikitin mai ɗauke da alamar nan mai murabba'i da ake haskawa a ƙofa. Ko dai hoton ya riga 300 ɗin zuwa? Zan duba, komai yana nan da kwanan wata. Abin da na tabbata shi ne 200 na ƙarshe muna hanya na tura su, mun wuce Ɗa'ifa mun tsaya shan mai. Ya kira ya ce an manta da harajin kashi 15 cikin ɗari, in ba a biya ba tikitin ba zai buɗe ba. Ni kuma mai wayo sai na ɗauko waya na lissafa, kashi 15 na 1,300 ya ba ni 195. Na ce lallai yaron nan mai gaskiya ne, lissafinsa ya fita daidai. Har na cika masa 200 na ce ya sha shayi da biyar ɗin. Ya sha shayi! Dubu ɗaya, da ɗari uku, da ɗari biyu, 1,500 cif.

Kilomita kusan 950 na tuƙa daga Jidda zuwa Riyad. Mun isa Boulevard, inda ake wasan, tun kafin magariba, layi ya miƙe, 'yan mata da iyayensu, Larabawa, 'yan Filifin, 'yan Sudan, kowa da sandar nan mai fitila. Ita ma ta sayi tata da kuɗin da ta tara na sallah, tun a mota take gwada batirinta. Da muka zo ƙofa na miƙa waya, wata budurwa mai na'ura ta haska, abin ya yi ja. Ta sake, ja. Ta kira wani babbansu, ya duba ya ce an riga an shiga da wannan tikitin tun ɗazu, kuma hoto ma ba a karɓa, mu matsa gefe. Ba su ci mutuncinmu ba, gaskiya, aikinsu suke yi. Amma mutanen da ke bayanmu duk sun zuba mana ido, ni da furfurata ina ta murza waya kamar za ta canza magana.

A gefen muka tarar da wani Basudane da 'ya'yansa mata biyu, da wata Hajiya Bahaushiya da ta taso tun daga Makka da jikarta. Muka jera wayoyi. Hoto ɗaya ne. Har cajin batirin da ya fito a saman hoton, kashi 37, iri ɗaya a wayoyi uku. Na kira lambar, a kashe. Hotonsa na WhatsApp ya ɓace, saƙo ya tsaya a layi ɗaya. Ya yi layar zana.

Da Mamana ta yi kuka da ya fi min sauƙi. Ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Abba, ba komai, mu tafi kawai." Muna tafiya wajen mota ana jiyo dukan kiɗan daga ciki, na ga bakinta yana motsi a hankali, ta gane waƙar. Ta cusa sandar a jaka. Har muka dawo Jidda ba ta ce min "ai na gaya maka" ba, mamanta ce ta faɗa, kuma tana da gaskiya.

Na kira banki a daren, sun karɓi ƙorafi, sun ce kuɗin da mutum ya tura da hannunsa dawo da shi ba abu ne mai sauƙi ba. Na kuma shigar da ƙara ta Kollona Amn, manhajar kai rahoto ga jami'an tsaro, da duk hujjojina. Dokar zamba ta ƙasar nan ta 2021 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5, in yana karanta wannan ya sani. Hajiyar Makka kuwa ta ce ita ba za ta iya kai ƙara ba, takardunta ba su cika ba, ta bar shi da Allah. Ɗan damfarar ya san wannan sarai, shi ya sa mu yake bi, ba ya zuwa wajen 'yan ƙasa. Ya san rabinmu tsoro zai rufe musu baki, sauran rabin kunya.

Ku sayi tikiti a manhajar Webook ko inda masu shirya wasan suka ce, in ya ƙare ya ƙare. Kada ku karɓi hoto. In sunan asusu ya bambanta da na mai sayarwa, kada ku tura ko halala ɗaya, ko kakarsa 'yar gidanku ce.

Hotunan hirarmu da rasit uku na banki, 1,000 da 300 da 200, zan saka su anjima in na tashi aiki, Mamana ce za ta rufe min sunan mai asusun don an ce in bar wa hukuma wannan. Saƙon muryar ma zan saka, ku ji yadda yake cewa Baba. Basudanen nan ya ce shi 2,100 aka karɓe masa, nasa rasit ɗin yana hanya.