Kayan eBay da bai yi maka ba: mayarwa ko sake sayarwa?

Ana ta tambayata: wanda ya ci gwanjo a eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, kaya ya iso bai kwanta masa ba, ya mayar ne ko ya sake sa shi kasuwa?

Mayarwa tana da wa'adi, galibi kwana 30. In kayan ya saɓa wa yadda aka siffanta shi, misali agogo ya zo da tsagaggen gilashi, mai sayarwa ke biyan kuɗin aikawa. In ranka ne kawai ya sauya, sai mai sayarwa ya yarda, kuma sau da yawa kuɗin na wuyanka.

Sake sayarwa ba wa'adi, amma eBay na iya cire kamashonsa, ƙila ma a taya ƙasa da yadda ka saya.

Wanda aka turo wa fasasshe ko jabu, ya mayar. Mai haƙuri da kaya lafiyayye, ya jira mai tayi.