Man CBD da ɗan ƙanena ya kawo min daga Faransa: wata ɗaya da shi

Ni tela ne a Garwa ta Kamaru, shekara kusan ashirin a kan keke, kuma duk wanda ya san wannan aikin ya san ciwon baya shi ne ladan da ake ba mu. Barci ma ya gudu, sai in kwanta ƙarfe sha ɗaya in tashi biyu na dare in ta juyi har kiran asalatu. Tramol kam na rantse ba zan taɓa ba, na ga yadda ya mayar da yaran unguwarmu masu mashin.

To ɗan ƙanena da ke Liyon ya zo hutu ya miƙo min wata 'yar kwalbar mai mililita 10, yace "Baffa gwada wannan, a can a shago ake sayar da shi." Na duba naga hoton ganyen wiwi a jiki, nace kai yaro ka haukace ne, wiwi zaka kawo min gida?? Yayi dariya yace wannan CBD ne, wani sinadari da ake cirowa daga wiwi, ba shi ne mai bugarwa ba, mai bugarwar wani sinadarin ne THC kuma a Faransa dokar su bata yarda ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Kwalbar an rubuta 10%, wato miligiram 1000 na CBD a ciki gaba ɗaya, ya saye ta yuro 40, kusan sefa dubu 26 kenan, kuɗin buhun shinkafa fa.

Ban sha ba sai da na tambayi malaminmu, yace ƙa'idar dai sananniya ce, abin da mai yawansa ke sa maye to kaɗan ɗinsa ma haram ne, in wannan baya sa maye kuma don magani ne to in nemi likita. Likitan da naje wajensa tambaya ɗaya ya fara yi, ko ina shan maganin da ke tsinka jini irin warfarin ko na farfaɗiya, don CBD na hana hanta sarrafa su yadda ya kamata. Bana sha, yace in fara da kaɗan.

Ɗigo biyu a ƙarƙashin harshe bayan isha'i, ka riƙe kamar minti ɗaya kafin ka haɗiye. Ɗanɗanon wlh ba daɗi, kamar ka tauna ciyawa da man gyaɗa. Satin farko ban ji komai ba sai bushewar baki. Da na kai ɗigo huɗu barci ya ɗan daidaita, ina kai ƙarfe huɗu ban farka ba, amma cikina ya lalace kwana biyu kuma da safe jikina nauyi kamar wanda yayi dakon siminti. Bayan nawa kuwa yana nan yadda yake, ko alama. Maye babu, gaskiya ko sau ɗaya kaina bai juya ba.

Inda nayi wauta shi ne da kwalbar ta kusa ƙarewa. Wani da muke zama majalisa yace ai duk abu ɗaya ne, ya bani wani dunƙule baƙi-baƙi mai danƙo, hashish, wai "man" ne shima an dai daskarar da shi. Ashe wannan ƙaron ganyen ne aka tara, THC ɗinsa na haura kashi 20, irin wanda Amurkawa ke cewa wax ma har 80 yake kaiwa. Ɗan kaɗan na taɓa, cikin minti goma zuciyata na dukan uku-uku, gumi, ina ganin kamar zandarmomi na bakin ƙofa, matata tana ta "Malam lafiya? Malam lafiya?" ni kuwa na kasa haɗa magana. Daren nan a tsakar gida na kwana ina istigfari. Ban sake ba, mutumin ma gaisuwa kawai ke haɗa mu yanzu.

In maki zan bayar, man kwalbar zan ba shi biyu da rabi cikin biyar, ya taimaki barci amma tsadarsa ta fi amfaninsa, kuma na hana yaron sake ɗauko min, don wiwi haramun ne a dokar Kamaru tun ta 1997 kuma bana jin ɗan duwan a filin jirgi zai tsaya karanta 0.3 a jikin kwalba mai hoton ganye. Kujerar keken na canza, na sa kafinta ya ƙara mata tsawo da majingina, sefa dubu bakwai.