Agogon Aljihu da Ake Wanawa: Wanne Ya Kamata Ka Saya a Jos?

In za ka fara sayen tsohon agogon aljihu, ni dai Molnija zan nuna maka. Ƙirar Rasha ce, kamfanin ya fara aiki a garin Chelyabinsk a 1947, kuma injinsa mai lamba 3602 yana da duwatsu 18, wato ƙananan duwatsun da ke rage gogayya a cikin injin. An ƙera shi da yawan gaske, shi ya sa kayan gyaransa ba sa wuya: in wani abu ya karye, mai gyara zai ciro daga mataccen ɗan'uwansa ya sa maka. Injin babba ne, komai a sarari, ko tsohon mai gyara da idonsa ya fara rauni zai iya kwance shi ya wanke. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. Ka wana shi da safe, zai kai ka har gobe. Aibinsa ɗaya, ba ya jure faɗuwa, don haka ka haɗa shi da sarƙa.

Hamilton 992B na Amurka, mai duwatsu 21 da aka yi wa ma'aikatan jirgin ƙasa, ya fi shi daidaiton lokaci, amma kuɗinsa sai mai hali. Omega da Longines suna ne kake biya. Roskopf kuwa tun asali na araha ne, ka wuce shi.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne jabu. Wani dillali a wajen kasuwar Terminus ta Jos ya taɓa rantse mini cewa agogonsa na Turawan haƙar kuza ne, fuskar an rubuta Omega. Da aka buɗe marfin baya, ɗan injin batir ne zaune cikin farar roba. Don haka kada ka biya ko sisi sai ka ce, "Alhaji, a buɗe mini bayansa." In ya fara kame-kame, ka yi masa sallama. In an rubuta suna irin Omega a fuska, ka duba ko ya zo daidai da na jikin injin. Ka duba hannun daƙiƙa: na batir tsalle yake yi sau ɗaya kowace daƙiƙa. Ka kara shi a kunne, wanda ake wanawa kamar Molnija bugu biyar yake yi a daƙiƙa. Ka kifa shi, ka tsayar da shi, ka kwantar. Wanda ya tsaya a wani ɓangaren, akwai matsala a tsakiyar injinsa.

Batun zinare ma haka. Yawancinsu ruwan zinare ne, ka duba gefen da hannu ya goge za ka ga tagulla ta leƙo. Azurfar Ingila ta gaskiya tana ɗauke da ɗan tambarin zaki a cikin marfi. Fuskar da ta yi fari fes alhali an ce agogon ya shekara tamanin, ka yi zargin sabon fenti ne. In kuma lambobin suna da tsohon fenti mai haske da dare, kada ka kankare shi, wasu na da sinadarin radiyam mai cutarwa.