Agogon awo ko leza wajen daidaita sandar inji

A jirgin ruwa, sandar farfela dole ta zauna layi ɗaya da giyabos da inji, kuma awon ƙarshe sai jirgi na bisa ruwa, don jikinsa na ɗan lanƙwasawa. Mu nan Maradi teku ta yi mana nisa, amma da wannan muke fama wajen haɗa inji da famfon ban ruwa a bakin Gulbi.

Agogon awo, wato ma'auni mai fuska da allura kamar agogo, na fi sabawa da shi. Ka ɗaure shi a jikin sanda, ka juya ta a hankali, ka karanta allura sama, dama, ƙasa, hagu. Tana nuna har kashi ɗaya cikin 100 na milimita. Ka yi lissafi, ka cusa siraran ƙarafa ƙarƙashin ƙafafun inji, ka sake aunawa. Yana cin lokaci, kuma in mariƙinsa ya sunkuya, ya yaudare ka, bayarin da sanda ke juyawa a cikinsa ya ƙone.

Leza, wato na'urar awo mai aiki da haske, ita ke yin lissafin, amma tsada gare ta. Ga doguwar sandar jirgi, ita zan zaɓa. Ga famfonmu agogo ya wadatar, muddin an tuna inji na ɗagawa kaɗan in ya ɗau zafi.