Kantin Littattafan Kirista a Sabon Gari: Abin da Mai Sujada da Hausa Zai Samu, da Abin da Zai Rasa

A cikin kantunan da ke sayar da littattafan addinin Kirista a Sabon Garin Kano, akwai wani ƙarami a wani layi kusa da France Road, wanda fastocin ikkilisiyoyin Hausa suka fi zuwa idan suna neman Littafi Mai Tsarki, ko littafin waƙoƙi, ko kayan Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada domin tunawa da mutuwar Yesu. Ba zan ambaci sunansa ba, domin mai kantin bai roƙe ni talla ba, kuma akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba lallai su yi masa daɗi ba. Ni fasto ne a wata ikkilisiya da ke yin sujada da Hausa zalla, saboda haka abin da nake dubawa a kowane kanti shi ne ko yana biya wa mutanena bukatunsu. A kan wannan ma'auni, kantin ya fi duk waɗanda na sani a cikin gari, amma ko a nan ɗin ma an tura Hausa can ƙurya.

Dalilin haka yana cikin tarihin unguwar. Sabon Gari ta kafu ne bayan hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka keɓe ta domin baƙi ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, kuma majami'un da suka fara tsayawa a cikinta da Turanci da Yarabanci da harshen Ibo suke sujada. Har yau masu kuɗin sayen littafi akasari daga wannan ɓangare suke, ɗan kasuwa kuwa inda ciniki yake nan yake sa ido. Amma masu sujada da Hausa a Kano ba kaɗan ba ne. Akwai mutanen kudancin Kaduna da Filato da Bauchi da Gombe da Adamawa da kudancin Borno, waɗanda Hausa ce ke haɗa su ranar Lahadi, ga kuma Hausawa Kirista na ƙasar Kano kanta, daga wajen Sumaila da Rogo da Tudun Wada, waɗanda ba su da wani harshe sai ita. Duk da haka, wanda ya shiga kantin zai fara cin karo da kantoci cike da littattafan Turanci masu ƙyalli na manyan masu wa'azin Legas da Amurka, yawancinsu a kan arziki da buɗi, sai ya ratsa har bango na baya, kusa da inda ake tara kwalaye, kafin ya iske na Hausa.

Abin da ya sa nake komawa shi ne dattijon da ke da kantin, domin ya san kayan da yake sayarwa. Littafi Mai Tsarki na Hausa ba fassara ɗaya ba ce, kuma ba kowane mai sayarwa ne ya san haka ba. Akwai ta farko cikakkiya da aka buga a 1932, wadda Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya yi wa aiki shekaru da yawa a ƙasar Zazzau tare da wasu 'yan mishan da Hausawa masu taimaka musu. Shi Miller ɗin yana cikin ayarin 'yan mishan da Bishop Tugwell ya jagoranta, wanda ya iso Kano a 1900, Sarki Alu ya ƙi ba su izinin zama, suka juya. Sai fassarar 1979 ta Bible Society of Nigeria, wadda ita ce ikkilisiyoyi da yawa suke karantawa daga kan bagade, sannan ga sababbin fassarori da aka yi da Hausar yau da kullum. Idan mutum ya ce a ba shi Littafi Mai Tsarki na Hausa, dattijon ba ya miƙa masa wanda hannunsa ya fara taɓawa. Yakan tambaye shi wace ikkilisiya yake zuwa, da irin wanda fastonsu ke karantawa, in bai sani ba sai ya buɗe masa Zabura ta 23 a kowanne, ya ce ya saurara ya ji wanda kunnensa ya saba da shi. Duk wanda ya taɓa jagorantar karatun karɓa-karɓa a majami'ar da rabin jama'a ke riƙe da wata fassara, rabi kuma wata, ya san amfanin wannan tambaya, domin muryoyi sukan sarƙe tun daga aya ta biyu, tsofaffi su yi shiru, yara su fara dariya.

Yana da wata ɗabi'a kuma da ban gani a wani kanti ba. Kafin ya karɓi kuɗi, yakan cire littafin daga leda, ya ɗora shi a tafin hannunsa na hagu, ya sa babban yatsansa na dama ya saki shafukan a hankali daga Farawa har Wahayi, idonsa a kan lambobin da ke gefe. Yana neman inda aka tsallake shafuka wajen ɗinki, ko inda aka maimaita wasu, ko inda tawada ta dusashe. Na taɓa ganin ya tsaya a tsakiyar littafin Irmiya, ya koma baya, ya ajiye wannan kwafin a ƙarƙashin tebur ba tare da ya ce komai ba, ya ɗauko wani. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Baba Fasto, wannan mai bishara ne zai tafi da shi ƙauye. In ya tarar da giɓi a kan bagade, wa zai dawo da shi Kano?" Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma Baba Fasto yake kirana, ni ma Baba nake ce masa.

Babban abin da na rasa a kantin, kuma shi ne ya fi damuna, Littafi Mai Tsarki na Hausa mai manyan haruffa. Na Turanci irin wannan yana nan kala-kala, da mai zik da mai bangon fata, amma na Hausa sai an ci sa'a, in ya zo ma ba ya kwana. Alhali kuwa waɗanda suka fi riƙe karatun Hausa su ne iyayenmu mata na Zumuntar Mata da dattawan ikkilisiya, waɗanda da yawansu a ajin yaƙi da jahilci na majami'a suka koyi karatu, kuma su ne idanunsu suka fara rauni. Muna da Asibitin Ido na ikkilisiyar ECWA a nan Kano, wanda mishan ɗin SIM ya kafa tun 1943, kuma mutanenmu da dama sun je an yi musu aikin yanar ido sun dawo suna gani, amma tabarau ba ya mayar da ƙananan haruffa a kan takarda mai shara-shara su zama manya. Akwai wata gwauruwa a ikkilisiyarmu da na raka kantin, ta sa tabarau, ta matso da littafin kusa da hancinta, ta nisantar da shi iyakar tsawon hannunta, ta fita da shi bakin ƙofa inda akwai hasken rana, a ƙarshe ta mayar ta ce, "Baba, a bar shi, jikata za ta riƙa karanta mini." Matasa suna cewa a sa mata a waya, tunda manhajar YouVersion tana da fassarorin Hausa kyauta kuma ana iya ƙara girman rubutu. Gaskiya ne, ni ma ina amfani da ita wajen shirya wa'azi. Sai dai wannan baiwar Allah ƙaramar waya mai madannai take riƙewa, kuma abin da take so shi ne littafin da za ta ja layi a ƙarƙashin aya, ta rubuta ranakun haihuwar jikokinta a shafin farko. Na san ba mai kantin ne ke buga littattafai ba, amma shi ne ke yin oda, kuma ina ganin da ya matsa wa masu kawo masa kaya kamar yadda yake matsa musu a kan na Turanci, da an fi samun su.

Littattafan waƙoƙi suna nan kullum, sai dai a lura da irin haɗin da aka yi musu. Akwai waɗanda aka ɗinke da zare, akwai waɗanda aka manne da gam kawai, kuma na biyun sun fi araha sosai. Ikkilisiyarmu ta sayi na gam da yawa domin kujerun baƙi, kafin a fita daga hunturu zuwa zafin bazara gam ɗin ya bushe, shafuka suka fara zubewa a tsakiyar sujada, har mawaƙa suna tsintar baitoci a ƙasa. Araha ba ta ado. Da muka mayar da su, dattijon bai yi gardama ba, ya musanya waɗanda suka fi lalacewa, ya ce mu cika kuɗi mu ɗauki masu ɗinki. Na yaba masa a kan haka, amma har yanzu irin na gam ɗin suna kan kanta, kuma yaron kantin ba ya gaya wa mai saye bambancin sai an tambaye shi.

Wajen kayan koyarwa ne talaucin ya fi fitowa fili. Littattafan Makarantar Lahadi na Hausa suna zuwa daga Jos sau ɗaya a shekara, wanda ya makara ya rasa. Labaran Littafi Mai Tsarki masu hotuna domin yara kusan babu su da Hausa, littattafan shirin baftisma da na shawarar aure kuwa tsofaffin bugu ne da takardarsu ta yi ja. Abin mamaki shi ne wannan yana faruwa a Kano, garin da ya fi ko'ina buga littattafan Hausa, inda marubuta, mata da maza, suka cika kasuwa da littattafan hikaya tun daga shekarun 1980 ba tare da sun jira wani babban kamfani ba. Injinan bugawa suna nan a cikin gari, masu tsara shafi suna nan, masu karatu suna nan. A nan laifin ba na mai kanti ba ne. Makarantun tauhidi suna yaye fastocin da za su yi wa'azi da Hausa tsawon rayuwarsu, amma in sun tashi rubutu da Turanci suke yi, domin shi ake ɗauka da daraja a taron shugabanni. Dattijon ya taɓa gaya mini cewa duk faston da ya kawo masa littafin Hausa mai kyau zai ajiye shi a gaba, a bakin ƙofa, kuma ban ga dalilin da zai sa in yi shakkar maganarsa ba.

Sauran kayan hidima ba su da matsala. Ana samun ƙananan kofunan Jibin Ubangiji na roba da na gilashi, da farantansu, da ambulan na baikon sujada da zakka, da rajistar baftisma da ta aure, da takardun shaida, da kwalar fastoci. Kofunan roba sun fi dacewa da ikkilisiya mai yawan jama'a, ko da yake sukan tsage in an wanke su da ruwan zafi. Akwai kuma wata kanta kusa da teburin biya da aka jera ƙananan kwalaben mai da hankici da sitika masu alkawarin kariya daga maƙiya. Ni dai ba na saye, kuma ba na son mutanena su saya, domin na ga yadda talaka ke ba da kuɗin cefane a kan kwalba yana zaton albarka a cikinta take. Na faɗa wa dattijon ra'ayina, ya yi murmushi ya ce su ne ke biyan kuɗin haya. Ban yarda da hujjar ba, amma na fahimci halin da yake ciki.

Batun farashi kuwa kowa ya san yadda abubuwa suka koma tun 2023, lokacin da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Takarda da tawada daga waje suke zuwa, kuɗin mota daga Legas ko Jos ya tashi, don haka littafin da ikkilisiya ke saya da katan ta raba wa sababbin masu baftisma yanzu sai a yi ta lissafi kafin a sayi rabin katan. Na kwatanta farashin kantin da na masu baza littattafai a bakin Kasuwar Sabon Gari, na ga nasu ya ɗan fi sauƙi, amma a can ne ake haɗuwa da bugun jabu mai dusasshen rubutu, kuma ba wanda zai karɓa in ka mayar. A kantin ana rage wa wanda ya sayi da yawa, ana ba da rasit, ana karɓar kati da taransifa, ko da yake in sabis ya ɗauke sai mutum ya zauna a benci ya jira saƙon shigar kuɗi. Abin da ba a rubuta a bango ba shi ne dattijon yana ba masu bishara na ƙauye bashi har zuwa kaka, ya kai musu kayan tasha ya damƙa wa direba, su biya bayan sun sayar da hatsi. Yana da wani tsohon littafin rajista mai baƙin bango da yake rubuta sunayensu, kuma na san akwai shafukan da ya ja wa layi ba don an biya ba.

Wanda zai je ya zaɓi safiyar Talata ko Laraba, domin ranar Asabar kantin yakan cika da masu sayayyar gobe Lahadi, wurin kuma ƙarami ne, mutum biyar in sun tsaya sai a rasa hanyar wucewa. Ba a buɗewa ranar Lahadi, kuma da safe sukan yi gajeriyar addu'a kafin su fara ciniki, don haka wanda ya yi sammako zai ɗan jira a waje. Wurin ajiye mota babu shi, layin kuma yakan cika da ruwa da damina, gara a hau adaidaita sahu a sauka a bakin titi a ƙarasa da ƙafa. Ikkilisiyar da ke son kaya masu yawa domin Kirsimeti ko baftismar ƙarshen shekara ta ba da oda tun watan Oktoba, ta biya wani abu a gaba, ta kuma faɗi fassarar da take so da irin ɗinkin da take so a rubuta a kan rasit. In dattijon ba ya nan, yaron kantin ne kawai, mai saye ya buɗe littafin da kansa ya bi lambobin shafuka kafin ya biya.