Allura ko ƙwaya: zaɓen maganin tsinka jini bayan tiyatar rage teɓa

Mai shirin tiyatar rage teɓa, a Legas ne ko Abuja ko Istanbul, yawanci kuɗin aiki take tambaya da inda tabo zai tsaya. Ba kasafai ake tambayar abin da ya fi kisa ba, wato gudan jinin da ke daskarewa a jijiyar ƙafa, ya ɓalle ya je ya toshe huhu. Cikin tiyatocin kwalliya, ta ciki tana sahun gaba a wannan haɗarin. An ɗinke naman ciki an matse, an ɗaura ɗamara, jinin ƙafa na shan wuyar komawa zuciya, ga ki a duƙe kina tsoron motsi.

Ba kowa ake ba maganin tsinka jini don hana wannan gudan ba. Likitoci na auna haɗari da ma'aunin Caprini: shekaru, ƙiba, tsawon aikin, ƙwayar tazarar haihuwa mai estrogen, da ko jini ya taɓa daskare miki ko wani a danginku. Mai maki 7 zuwa sama ta fi cin moriyar magani. Mai maki kaɗan, tsinka mata jini na iya jawo taruwar jini a ƙarƙashin ɗinki har a koma ɗakin tiyata. Likitan da bai yi miki waɗannan tambayoyin ba, ni dai ba zan kwanta masa ba, komai rangwamen da ya yi.

Allurar enoxaparin, wadda aka fi sani da Clexane, ita aka fi gwadawa a irin wannan aikin. Galibi miligiram 40 ne sau ɗaya a rana a ƙarƙashin fata, a fara sa'o'i 6 zuwa 12 bayan tiyata, a yi kwana 7 zuwa 10, wata ma fiye. Tunda ciki na da ɗinki, a cinya za ki riƙa yi wa kanki. Akwai zafi da ɗan tabo, kuma kuɗinta ba kaɗan ba ne, amma mai shayarwa na iya yin ta, kuma in jini ya ɓalle akwai wani magani, protamine, da ke rage mata ƙarfi. Abin da ba a cika faɗa wa Musulmi ba: daga hanjin alade ake samo ta. Malamai da dama sun yi sassauci saboda larura, sai dai gara ki sani tun kina gida da ki ji bayan an yanka. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba ta tambayi fondaparinux, allura ce da ba a haɗa ta da komai na dabba ba, amma tana daɗewa a jiki kuma ba kowane kantin magani ke da ita ba.

Ƙwayoyi sun fi sauƙin amfani. Rivaroxaban, wato Xarelto, miligiram 10 ne sau ɗaya a rana. Apixaban, wato Eliquis, miligiram 2.5 safe da yamma. Asalin amincewar da aka yi musu ta masu tiyatar ƙugu da gwiwa ce, likitocin kwalliya aro suka yi. Ba a ba mai shayarwa, kuma dole a duba ƙoda, kamar dai allurar. In kin san ba za ki iya soka wa kanki allura ba, ƙwayar da za ki sha ta fi allurar da za ta kwana a jaka. Ki duba lambar NAFDAC, domin jabu a nan ba wasa ba ne.

Warfarin, wani maganin tsinka jini na sha, yana da arha, amma sai ya yi kamar kwana 5 kafin ya kama, yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, miyar alayyahu ma na rikita shi. Aspirin shi kaɗai bai isa wa mai babban haɗari ba.

Ko wanne aka zaɓa, a haɗa da na'urar matsa ƙafa a asibiti, da tashi a taka tun ranar farko. Kada ki haɗa da ibuprofen ko diclofenac sai likita ya ce. Mai dawowa daga Turkiyya kuma, sa'o'i 6 zuwa 7 ne a zaune cikin jirgi, don haka likita ne zai sa ranar tafiya, ba tikiti ba. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji na suka, a nufi asibiti a take.