Shagon hular lauya da baƙar riga a Kano: ku duba na hannu kafin ku sayi sabo

Ƙanwata ta ci jarabawar ƙarshe ta makarantar horas da lauyoyi, a Bagauda ta yi shekararta, aka sa musu ranar rantsarwa a Abuja, toh ni ne babba a gida tun rasuwar mahaifinmu saboda haka sayayyar kayan rantsarwa kaina ta faɗo, ni kuwa ɗan kasuwa ne ban san komai a kan kayan lauyoyi ba. Wani abokina barista ne ya kwatanta min shagon wani dattijo da ke sayar da su nan cikin Kano, ɗan ƙaramin shago ne cike da littattafan doka da fayil-fayil, hulunan nan farare na lauyoyi a jere a saman kanta, baƙaƙen riguna kuma a rataye ta baya cikin leda.

Abin da ya fara burge ni, mutumin bai yi mana gaggawa ba. Muna zama ya ce da ita "Barista, sa hijabinki yadda za ki sa shi ranar, sannan mu gwada hular a kai," saboda in aka auna ba hijabi ranar taron hular za ta matse ko ta dinga zamewa baya. Wanda ya tuna dambarwar 2017, lokacin da aka hana wata ɗaliba shiga zauren rantsarwa saboda hijabinta sai a 2018 aka rantsar da ita da abinta, zai gane dalilin da ya sa wannan 'yar maganar ta kwantar min da hankali. Ya ɗauko mana hula iri biyu ya ce mu taɓa. Ɗaya ta gashin doki ce, irin wadda ake kawowa daga Ingila, tana da ɗan tauri a hannu, naɗin gefenta a tsaye cas, in ka danna ka saki sai ya koma yadda yake. Ɗayar ta roba ce, da laushi da sheƙi, kuma da bakinsa ya ce wannan in ta sha zafin Kano da zufa ta kwana a jaka sau biyu uku shikenan ta lotse. Bai ɓoye mana ba duk da ita ce ya fi sayarwa.

Kuɗin sabuwa ta gashin doki da ya faɗa wallahi sai da na yi shiru. Da ya ga haka sai ya ce Alhaji taso ka ga wani abu, ya ja labulen da ke bayan kantar, a nan na ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Kanta guda ce cike da huluna da riguna na hannu. Na ɗauko wata riga na juya wuyanta, ga sunan mai ita da biro da shekarar da aka rantsar da shi, karin guga na farko ma bai baje ba. Na ɗauko wata, haka. Ya ce yawancinsu sau ɗaya aka sa, ranar rantsarwa, aka yi hotuna aka ninke, bayan shekara ɗaya ko biyu mai ita ya kawo ya ce Baba nawa za ka ba ni. Wani ya samu aikin banki, wani ya koma shagon babansa a Kantin Kwari, wata ta yi aure ta kama sayar da kaya a WhatsApp, wani ya buɗe POS. Ya ce da can lauya ba ya rabuwa da hularsa, duk yadda ta ƙara duhu haka ake ƙara ganin girmansa a kotu don alama ce ta daɗewa a aiki.

Abin ya taɓa ni sosai saboda na san wahalar da ake ci kafin a kai ga wannan hula. Shekara 5 a jami'a, shekara 1 a makarantar lauyoyi, shekara 1 bautar ƙasa bayan rantsarwa, bakwai kenan in komai ya tafi daidai, ita kuwa ƙanwata yajin aikin ASUU na 2020 ya ci mata wata tara na 2022 ya ci wata takwas. Sannan a fito a shiga ofishin babban lauya ana ɗaukar masa fayil daga majistare ta Nomansland zuwa babbar kotu a sakatariyar Audu Bako, ƙarshen wata a ba ka abin da ake kira kuɗin mota. Shi abokin nawa da ya turo ni shagon, a shekarunsa na farko abin da ake ba shi ko kuɗin adaidaita na wata ba ya isa, kuma ƙanen matarsa da ke wani ofishin yanzu abin da yake karɓa bai kai dubu 70 ɗin da aka yanka mafi ƙarancin albashi a 2024 ba, ga kuɗin lasisin aiki da dole a biya duk shekara kafin ƙarshen watan Maris, ga kuɗin ƙungiya, ga baƙar kwat da farar riga da kullum sai an wanke an goge.

Ƙananan ayyukan da sabon lauya ke samun na cefane da su ma sun ja baya. Ni kaina shaida ne, rajistar sunan kasuwancina a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da kaina na yi a waya, alhali lokacin mahaifinmu lauya ake nema. Takardar haya da ta cinikin fili dillali ne ke zuwa shagon kwamfuta a buga masa tsohuwa a canza suna. A 2023 an fito da dokar da ta yanka mafi ƙarancin abin da lauya zai caza a irin waɗannan takardu, amma mai gida in ya ji kuɗin sai ya ce bari ya yi shawara, ba ya dawowa.

Ba wai ajin karatun lauya ya bushe ba, makarantar lauyoyin da aka buɗe a Legas a 1963 da ɗalibai 8 yanzu ga Bwari ga Enugu ga Yola ga Yenagoa ga Fatakwal ga tamu ta Bagauda kuma duk cika suke. Amma zumuɗin nan na da, a gidajen da na sani ya ragu. Autanmu da ya ga yadda yayarsa ta sha, da zai cike JAMB ya ce Yaya ni kwamfuta zan karanta, ban kuma yi masa musu ba. A Amurka haka ta taɓa faruwa ƙarara bayan karayar tattalin arziki ta 2008, manyan ofisoshin lauyoyi suka rage ɗaukar aiki, ɗaliban shekarar farko suka sauko daga kusan dubu 52 a 2010 zuwa kusan dubu 37 a 2015.

Shagon yana da nasa matsaloli, gara in faɗa. Rigar ta yi mata tsawo ya ce telansa zai rage cikin kwana biyu, sai da muka yi sawu uku, kwana biyar cur, ranar ƙarshe saura kwana biyu tafiya hankalina duk a tashe. Ba ya ba da rasit sai ka tambaya. Kwalar mata mai bib, farin ƙyallen nan da lauya ke sawa a wuya ya sauko ƙirji, kala ɗaya ce kawai a wajensa kuma yadin ba wani mai kauri ba ne. Yana ba da haya ga wanda ranar rantsarwa kawai yake buƙata, sai dai kuɗin ajiyar da yake riƙewa ya yi nauyi, in ka haɗa shi da na hayar ya kusa kuɗin ta hannu, kuma ko ɗan tabon hoda aka samu a wuyan riga sai ya cire wani abu.

Mai shagon ya gaya wa ƙanwata wani abu da na ga ya dace duk sabon lauya ya sani kafin ya kashe kuɗi, a majistare da kotun shari'ar Musulunci ba a sa hula da riga, sai daga babbar kotu zuwa sama, sabon shiga kuwa yawanci can ƙasa ake fara aikensa. Na tambaye ta a gabansa, aikin kotu za ki yi da gaske ko ofis kike nema, ta ce Yaya kotu nake so ko da wahala. Sai muka ɗauki ta gashin doki ta hannu a kusan rabin kuɗin sabuwa, riga da kwala kuma sababbi.

In za ku ɗauki ta hannu ku juya cikinta ku duba ragar da aka ɗinka gashin a kai, in ta fara yagewa ta wajen goshi ku bar ta, ku ja 'yan jelar nan biyu na baya a hankali ku ga ko sun saki, ku sunsuna ko ta yi warin danshi. Kuma ku je da sati biyu aƙalla kafin ranar tafiya Abuja saboda telan nan.